Dutsen Sidley: Wuta A Ƙarƙashin Ƙanƙara

Can ƙuryar kudancin duniya, a nahiyar Antatika, akwai wani yanki da ake kira Ƙasar Marie Byrd, inda babu gari, babu itace, sai ƙanƙara iyakar ganin ido. A nan Dutsen Sidley yake, wanda ya fi dukkan duwatsu masu aman wuta na nahiyar tsawo, watau fiye da mita 4,000. Ba'amurke Richard Byrd ne ya fara hango shi daga jirgin sama a 1934, amma ba a taka ƙolinsa ba sai a 1990.

Dutsen ya daɗe da yin shiru, ƙanƙara ta lulluɓe shi har bakinsa mai faɗin kilomita 5. Ba shi kaɗai ba ne. A 2017 masanan Jami'ar Edinbura suka gano wasu 91 binne a yammacin nahiyar.

To, shiru-shiru ba tsoro ba ne. Nauyin ƙanƙarar yana danne narkakken dutsen da ke ƙasa. In ɗumamar duniya ta rage wannan nauyi, wasunsu na iya farkawa, kamar yadda ya faru a Aisilan bayan zamanin ƙanƙara. Zafinsu kuwa zai ƙara narkar da ita, teku ta ƙara cin biranen gaɓa, irin su Legas.