Kawun Aro

A gida ba wanda ke cika fom kafin ya zama kawu. Yaro ya yi ba daidai ba a ƙofar gidanka, ka tsawata masa, uwarsa ta ji ta ce an gode. In ya kai shekarun da ba ya iya buɗe wa uba cikinsa, akwai baffa, akwai gwaggo, akwai maƙwabcin da ke zama a dakali bayan la'asar. Ɗa na kowa ne, haka muka tashi muka ji. Nan Bronx kuwa, sai da na cika takardu, aka binciki tarihina, aka ɗauki hoton yatsuna, mutum biyu suka tsaya mini, na kuma halarci horo, kafin a yarda in zauna da ɗan wani a laburare. Ban ga laifinsu ba. Wanda zai damƙa maka yaro dole ya san ko kai wane ne.

Abin ya daɗe a ƙasar nan. A 1904 wani ma'aikacin kotu a Niyok, Ernest Coulter, ya lura da yawan samarin da ake gurfanarwa, sai ya nemi mutane su ɗauki yaro ɗaya-ɗaya su riƙa jansa a jiki. Daga nan Big Brothers ta samo asali, a 1977 kuma ta haɗe da ta mata ta zama Big Brothers Big Sisters. Ƙungiyar da nake yi wa aikin sa-kai ƙarama ce ta unguwa, amma tsarin iri ɗaya ne: babba ɗaya, yaro ɗaya, alkawarin shekara guda, ba albashi.

Yaron da aka haɗa mu shekararsa 15. Iyayensa 'yan Nima ne a Akara. Uban yana tuƙin tasi daga magariba har asuba, uwar tana jinyar tsofaffi a gidajensu. Wallahi mutanen kirki ne, suna son ɗansu, amma haya ba ta jira. Asabar biyu a wata muke haɗuwa. Wata uku na farko ba abin da nake samu sai "e" da "a'a". Hausa yana ji, amma da Turanci yake amsawa. Ni dai ban fasa zuwa ba, ko da dusar ƙanƙara na zuba. Yaro irin wannan ya sha jin alkawari, so yake ya ga wanda zai dawo.

Da ya saki jiki, sai na gane abubuwan da ke gabansa ba manya ba ne, rashin mai nuna hanya ne ya mai da su manya. Lissafi ke ba shi tsoro, ga jarrabawar Regents da jihar Niyok ke yi wa 'yan sakandare. Yana son aikin hutu, bai san birnin na da shirin SYEP na 'yan shekara 14 zuwa 24 ba, bai kuma san wanda bai kai 18 ba sai ya karɓi takardar izinin aiki daga makarantarsu ba. Ya ɗauka jami'a ta masu kuɗi ce, don ba wanda ya taɓa yi masa maganar fom ɗin FAFSA na neman tallafin karatu, ko kwalejojin CUNY da ke nan kusa da gida, irin su Hostos.

Inda aikin ke da nauyi shi ne tsakanin ɗa da uba. Ran nan bayan Juma'a uban ya ja ni gefe.

"Malam, me yaron nan yake gaya maka? Ni ba ya mini magana."

Na ce, "Alhaji, in abu ne da zai cutar da shi, kai da ƙungiya za ku ji a ranar, shi ma ya san haka. Sauran kuwa amana ce. Amma ka ba shi yammacin Lahadi ɗaya, ku fita ku biyu."

Ya yi shiru, ya ce yammacin Lahadi akwai fasinja. Bayan mako biyu sai yaron ya ce mini sun je cin wake da shinkafa shi da Baba, har ya gaya masa gyaran lantarki yake son koyo, ba likitanci ba. Har yanzu ba su daidaita ba, amma suna magana.

Da yawa cikinmu na gudun irin waɗannan shirye-shirye. Wasu na tsoron hanya ce ta ƙwace yara, wasu na ganin abin kunya ne bare ya san cikin gidanka. To amma yaro ba ya zama ba mai ba shi shawara. In ba ka samo masa ba, titi da waya za su samo masa.

A ranar horonmu ni kaɗai ne mai jin Hausa a ɗakin, alhali jami'ar shirin ta ce akwai yaran Afirka ta Yamma da ke jira, yawancinsu maza. Muna tara kuɗin suna da na biki, muna haɗa na kai gawa gida, Allah ya saka. Asabar biyu a wata fa? Malam, Hajiya, ku leƙa makarantar yaranku ko laburaren unguwa ku tambaya. Ba a neman digiri. Ka iya sauraro, ka iya cika alkawari, ka isa kawu.