Ɗakin Da Na Rushe Wa Inna

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, asirin kaina zan tona da bakina, ko Allah ya sa wata ta tsira daga irin kuskuren da na tafka.

Lokacin da littafina na uku ya samu karɓuwa a kasuwa, sai na haɗa ribar da kwasar adashi na ce ba abin da zan fara yi sai na fitar da mahaifiyata kunya. Kunyar kuwa ita ce ɗakinta na ƙasa, irin na da, mai kaurin bango da rufin azara, wanda tun tana amarya take cikinsa. In ƙawayena za su zo gaishe ta har wani nauyi nake ji. Inna ta ce, "Ke 'yar nan ki bar min ɗakina, ni bai dame ni ba." Ban saurare ta ba. Aka rushe, aka tada na bulo da siminti, aka kafa kwano, aka shafa fenti, kowa ya shigo sai sa min albarka yake.

Sai ga bazarar 2024, wadda ta haɗu da azumi. Wallahi in azahar ta yi ɗakin nan kamar tanda, da daddare kuma in an ɗauke wuta bango ya dinga huci har asuba. Baiwar Allah ga tsufa ga hawan jini, ta kwaso tabarmarta ta dawo tsakar gida, sauro na cizonta. Ba ta taɓa ce min uffan ba, shirun nan nata shi ya fi ci min rai.

Ana cikin haka 'yar yayana ta zo hutu. Ita yarinyar nan a jami'a take a Zariya, tana karatun zayyanar gine-gine. Ubanta Bakano ne, uwarta Buzuwa ce 'yar Agadas, an kuma haife ta a zangon Kumasi lokacin da yayana yake fataucin goro. Tana ƙarama tsokanarta muke yi, wai ba ta da gari. Ta shiga ɗakin Inna ta dafa bangon yamma, ta fito ta ce, "Gwaggo, waye ya yi wa Hajiya wannan aika-aikar?" Na ce ni ce. Sai ta yi shiru, ta ɗauko kwamfutarta.

Ta zana ɗakin a ciki, ta nuna min yadda rana take bi ta kansa tun hantsi har magariba. Ta ce bangon ƙasa mai kauri a hankali yake shan zafi, kafin zafin ya ratsa ciki dare ya yi, gari ya yi sanyi. Bulo kuwa siriri ne, kwano kuma ƙarfe, nan da nan suke miƙa wa na ciki abin da rana ta ba su. Ga shi mun buɗe babbar taga a yamma, inda ranar la'asar take dukan ta, ba mu kuma bar wata kafa a sama da iska mai zafi za ta fita ba. Ta ƙara da cewa masana'antun siminti kaɗai suna fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon da ke ɗumama duniya. Wato dai na sayo zafi da kuɗina, na kuma ƙara wa duniya.

Na ce da ita, duk a makaranta kika koyo wannan? Ta yi dariya ta ce rabi, sauran a gidajen danginta ta gani. A Agadas ta ga ƙananan tagogi da bango mai kauri, ta ga hasumiyar masallacinsu ta ƙasa mai tsawon kusan mita 27 tana tsaye ɗaruruwan shekaru. A Kumasi, garin ruwan sama, ta ga yadda ake sako rufi ya zarce bango ya yi masa laima. A Kano ta ga amfanin zaure da tsakar gida. Ta ce, "Gwaggo, kun ce ba ni da gari, ga shi garuruwa uku ne suke koya min gini, kwamfuta awo kawai take taya ni." Kunya ta kama ni.

Ta kuma ba ni labarin matar da take koyi da ita, Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar da aka haifa a Faransa a 1979, ta yi karatun kwamfuta a Amurka har ta yi aiki da shi, daga baya ta koma makaranta ta karanci gini. Ita da wata 'yar Iran, Yasaman Esmaili, suka kammala sabon masallaci a ƙauyen Dandaji na jihar Tawa a 2018, da bulon ƙasa wanda inji yake matsewa. Tsohon masallacin kuwa ba su rushe shi ba, gyara shi suka yi ya zama ɗakin karatu. Da na ji "ba su rushe ba" sai da hawaye ya zubo min.

Kada ku ce ina cewa ginin ƙasa ba shi da aibu. Yana son yaɓe, yana son indararo mai kyau, in aka yi sakaci damina ta kwantar da shi. Yarinyar nan ta ce maganinsa tushe mai ƙwari na dutse ko siminti, da rufin da zai kare bango daga ruwa. Ba a ce a jefar da na zamani ba, cewa aka yi a haɗa da na iyaye.

Ɗakin Inna dai ya riga ya tafi, sai muka yi abin da zai yiwu. Muka sa silin, muka shafa wa kwanon farin fenti, muka huda ƙaramar taga can sama, muka kafa rumfar zana a bangon yamma, muka dasa darbejiya. An samu sauƙi, ta koma kwana a ciki, amma har gobe in ta tashi kwatance sai ta ce "a ɗakina na da."

Don haka 'yar'uwa, in maigida ya tashi gini kada ki ce ba ruwanki. Shi fita yake tun safe, ke ce mai wuni a ciki da yara da girki. Ki tambaya cikin ladabi, ina taga za ta kalla, ta ina iska za ta fita, ina za a bar wa bishiya. In kuma 'yarki ta ce gini za ta karanta, kada ki ce aikin maza ne. Sannan in tsohuwa ta ce a bar mata ɗakinta, don Allah a tsaya a ji dalilinta.

Allah ya ba mu ikon kyautata wa iyayenmu, amin.