DARIYAR DA TA KAI GANDIROBA GIDAN YARI

'Yan'uwana mata, da yawanmu mun sha dariyar marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro har muka riƙe ciki, amma kaɗan ne daga cikinmu suka tsaya suka tambayi yadda ake dafa wannan dariya kafin a kawo mana ita tsakar gida. To yau ita nake son mu leƙa madafinta.

An haife shi a Ɗanlasan ta ƙasar Warawa a shekarar 1971, kuma kafin duniya ta san shi da Ibro ma'aikacin gidan yari ne, wato gandiroba, aikin da ya kama a 1991 ya yi shekara takwas yana yi. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Irin finafinansa su ake kira camama, domin a bambanta su da na soyayya da ake ce wa santimental. Camama ba ta cika jiran rubutaccen labari ba. Darakta zai tara 'yan wasa ya ce ga inda labari ya dosa, kai ne mai gida, ke ce matarsa, ga mai bin bashi a bakin zaure, sauran zance kuwa kowa daga kansa zai zaro. Kyamara ɗaya, gidan ƙasa na aro a ƙauye, cikin 'yan kwanaki an gama. Waƙa kuma a situdiyo ake fara yin ta da fiyano, sai a kunna a wurin ɗauka su riƙa motsa baki suna rawa. Ni da nake kwana ina goge layi ɗaya a littafina, wallahi abin yana ba ni mamaki, a ce mutum ya buɗe baki kawai magana ta fito daram, ta zama karin maganar gari.

Abin da ya bambanta shi da saura shi ne duk abin da duniya ke yayi sai ya ɗauko shi ya sa masa hula. Da kiɗan Awilo Longomba na Kwango ya cika gari sai ga "Ibro Awilo". Bayan harin Amurka na 2001 sai ga "Ibro Usama" a 2002, fim ɗin da ya jawo masa fushin malamai da dama. Mu nan Ƙafin Maiyaki muna yara, gidan da ke da janareta nan muke cika, iyayenmu mata a bayanmu kan tabarma, suna dariya suna cewa wannan mai gidan na fim sak wane. Ba su iya faɗa wa mazajensu rowa da cika baki da ƙaryar arziki a ido, amma ga Ibro yana faɗa musu a talabijin, mai gida ma yana ƙyaƙyatawa bai san da shi ake ba.

To amma fa ba kowa ke yarda a yi dariya da shi ba. A watan Oktoba na 2008 kotun tafi-da-gidanka ta hukumar tace finafinai ta Kano, lokacin shugabancin Abubakar Rabo, ta yanke masa ɗaurin wata biyu. Cikin tuhumar har da rawar rashin ɗa'a a fim ɗin "Ibro Aloko". Sai dai mutanen gari da yawa cewa suka yi waƙar "Mamar" da ke cikin fim ɗin ce ta jawo, don suna ganin habaici ce ga irin yadin da gwamnan lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, yake sawa. Kun ga ikon Allah, wanda ya yi shekara takwas yana rufe wasu, shi ne aka tura ciki aka rufe.

Abin ya shafe mu mu marubuta, domin a 2007 an ƙona littattafan soyayya a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Ban ce kowane fim ko littafi mai tsafta ba ne, akwai wanda ni ma ba zan bar 'yata ta gani ba. Amma akwai bambanci tsakanin tarbiyya da toshe bakin mai faɗar gaskiya, kuma tun zamanin kakanninmu sarki ma yana da wawansa, wanda yake faɗa masa abin da fadawa ke tsoron faɗa.

Ibro ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014, yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai. Don haka uwargida, in yaranki suka kunno tsohon fim ɗinsa a waya, kada ki ce musu shirme ne kawai. Zauna ki tambaye su, da wa ake a nan? Wane hali ake kushewa? Yaron da ya koyi gane habaici ya koyi tunani. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.