Kafintocin da Ke Mai da Bayan Mota Ɗakin Kwana a Windhoek

Namibiya ta kusa kamo Najeriya a faɗin ƙasa, don tana da murabba'in kilomita kusan 824,000, amma mutanenta miliyan 3 ne da 'yan kai bisa ƙidayar 2023. Sai ka yi tafiyar sa'o'i ba ka ga ko rumfar mai shayi ba, balle masauki. Kwalta tana kan manyan hanyoyi ne, irin B1 da ta taso daga iyakar Afirka ta Kudu ta nausa har iyakar Angola; mafi yawan sauran burji ne da yashi. Wanda ke son ganin tuddan rairayin Sossusvlei, ko ya bar garin Opuwo ya nufi Epupa a bakin kogin Kunene, in ba mai kuɗin otal-otal ɗin daji masu ɗan karen tsada ba ne, to motarsa ce ɗakin kwanansa, ita ce madafarsa, ita ce rumbunsa. Wannan buƙata ta haifar da sana'ar da na tarar a Windhoek, babban birnin ƙasar: ƙera durowa da gado a bayan mota.

Kasuwar kashi biyu ce. Akwai manyan shagunan kayan zango, inda ake baje kayan da suka zo daga Afirka ta Kudu: durowar Front Runner, rumfunan alminiyon na Alu-Cab daga Cape Town, firjin National Luna. Kaya ne masu ƙyalli da inganci, a ɗaura maka yau ka kama hanya gobe, sai dai kuɗinsu ya isa ya sha maka man tafiya mai nisa. Sannan akwai ƙananan garejoji a unguwar masana'antu ta arewacin birnin, daura da Katutura, inda kafinta da mai walda ke raba rumfa ɗaya. A can na fi daɗewa.

Na tarar da wani kafinta dattijo yana aiki a kan Land Cruiser mai dogon bodi, cikin jerin 70 ɗin nan da Toyota ke ƙerawa tun 1984. Motar wasu miji da mata ce daga Jamus, sun auno ta a jirgin ruwa zuwa tashar Walvis Bay. Bai taɓa zarto ba sai da ya sa suka sauke komai a ƙasa: firji, jarkokin ruwa, tukunyar gas, tukwane, jak, igiyar ja, famfon taya, jakunkunan tufafi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tef, yana rubuta awo a jikin kwali. Daga nan ya yanka kwalayen gwargwadon girman akwatunan da zai yi, ya jera su a cikin motar, ya ce wa matar ta hau ta kwanta, ta tashi zaune, ta juya. Kanta ya bugi rufi. Nan take ya rage tsayin kwalin da faɗin yatsu uku. Gyara a jikin kwali kyauta ne, in ji shi, amma a jikin katako sai an sake sayen falle.

Abubuwa uku yake lissafi da su, kuma duk wanda na zanta da shi a wannan layi su yake ambata. Na farko gargada. Burjin ƙasar yakan yi tudu da kwari a jejjere kamar kwanon rufi, mota na tafe tana karkarwa na tsawon yini. Ƙusa ba ta da wani tasiri a nan, sukuru kuwa sai ya kwance kansa da kansa. Don haka kowace mahaɗa sai an shafa mata gam kafin a ɗaure, a kuma ƙara ƙarfe mai kusurwa daga ciki, a sa noti mai roba a baki wanda jijjiga ba ta warware shi. Bakin kowace durowa akwai sakata mai kama kanta. Akwatin gaba ɗaya ana ɗaure shi da ƙasan motar a ramukan da aka cire kujerun baya, domin masana'anta ta riga ta ƙarfafa wurin. Dattijon ya ƙi huda sabon rami sai ya shiga ƙarƙashin motar da tocila, saboda tankin mai da bututun birki suna nan kwance. Akwatin da ba a ɗaure ba, ranar da aka taka birki da ƙarfi, ƙeyar direba zai nufa.

Na biyu ƙura. Durowar shago tana gudu ne a kan layin ƙarfe mai boris, wanda zai iya ɗaukar sama da kilo 100 ka ja shi da yatsa ɗaya. Shi ne ya fi cin kuɗi a cikin aikin, kuma ƙurar burji mai laushi tana shiga boris ɗin ta haɗu da giris ta zama taɓo. Masu neman sauƙi sukan lika siraran roba mai santsi a ƙarƙashin durowar, wasu ma kyandir kawai suke gogawa a katakon. Ja ya ɗan fi wuya, amma babu abin da zai lalace a dajin da ba kanti. Wanda aljihunsa bai kai nan ba, ba ya yin durowa sam: a yi masa dandamali mai ɗakuna a ƙarƙashi, ya zura akwatunan roba masu murfi, irin waɗanda ake sayarwa a kowane shagon zango na yankin. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma akwatin roba kana iya ciro shi ka kai gindin murhu, abin da durowa mai tsada ba ta yi.

Firji kaɗai kowa ya yarda a saya wa layin ƙarfe, don a bakinsa ake yini, kuma murfinsa sama yake buɗewa. Akwai ma wani dalili na ƙasar. Shingen kiwon lafiyar dabbobi, wanda ake kira Jan Layi, ya raba arewacin Namibiya da sauran ƙasar, kuma ba a yarda a tsallako kudu da ɗanyen nama ba, gudun yaɗa cutar shanu. A ƙofofi irin na Oshivelo da Palmwag jami'ai kan ce a buɗe firji. Wanda ya binne nasa a ƙarƙashin katifa da jakunkuna, sai ya sauke rabin gidansa a tsakar rana.

Na uku nauyi, kuma shi ne baƙi suka fi rainawa. Abin da a-kori-kura irin Hilux mai ƙofa huɗu ke iya ɗauka bai cika wuce tan ɗaya ba, sau da yawa ma bai kai ba, kuma a ciki har da direba da fasinja. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarkar dizal mai lita 20 tana kai kilo 20 in an haɗa da ƙarfenta. Ga safaya ta biyu, ga firji cike, ga batir na biyu. Fallen filawud mai tsawon mita 2.44 da faɗin 1.22, in kaurinsa milimita 18 ne yana kai kilo 30, mai milimita 12 kuwa kusan 20. Shi ya sa dattijon yake yin saman da za a kwanta da mai kauri, bangaye da na 12, sannan ya huda manyan ramuka a duk bangon da ba ya ɗauke da nauyi. Kaya masu nauyi, ruwa da kayan gyara, yana ajiye su ƙasa kuma gaban ƙafafun baya. Lodin da ya zarce baya shi ke karya sifirin ya kashe shokozoba.

Batun gado kuwa, yawancin motocin haya na masu yawon buɗe ido tanti suke ɗaurawa a rufi. Yana da iska, yana barin cikin mota ga kaya, amma kilo 50 zuwa 70 ne a wurin da mota ta fi ƙin nauyi. Kifewar mota a kan burji na cikin haɗurran da baƙi suka fi yi a ƙasar, har kamfanonin haya da dama sun ƙayyade gudu a kilomita 80 cikin sa'a a kan burji, suna bin sawu da na'ura. Gadon ciki ba shi da wannan illa, ba a naɗe shi da safe, iska ba ta kaɗa shi da dare. Matsalarsa tsawo. Bayan Hilux mai ƙofa huɗu kusan mita ɗaya da rabi ne, bai ishi baligi miƙe ƙafa ba. Doguwar Land Cruiser tana ba da kusan mita 2. A ƙananan motoci sai a yi falle mai naɗewa wanda zai hau kan kujerun da aka kwantar. Windhoek tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,700, kuma a watannin Yuni da Yuli sanyin dare kan kai ruwa ya daskare. Numfashin mutum biyu a rufaffiyar mota yakan zama raɓa, ta taru a ƙarƙashin katifar soso. Don haka ake huda saman gadon, a bar taga a ɗan buɗe da ragar sauro, musamman ga mai nufin Kavango da Zambezi inda ake fama da zazzaɓin cizon sauro.

Wanda ya san direbobin Agadez da ke ratsa Tenere zuwa Dirkou da irin waɗannan motoci zai yi mamakin wannan ɗawainiya, don su tabarma suke shimfiɗawa a kan yashi. Lodinsu mutane ne da haja, kowane taƙi na bodi kuɗi ne. A kudancin Afirka kuwa mutum biyu ne a mota, kuma da yawansu sukan zarce Botswana, inda zangon dajin Moremi da na Savuti ba su da shinge, kura da zaki na zagayawa da dare.

Da aka gama haɗa akwatin, dattijon bai shafa fenti ba, bai lika kafet ba. Ya karɓi rabin kuɗinsa, ya ce su loda kayansu su bi hanyar C26 da ta haura tsaunin Kupferberg, su kwana a can, su dawo su gaya masa inda ya yi ƙara. Sai bayan nan zai rufe aikin. A gefensa kuma wani ɗan ƙasa, ma'aikacin ofis, ya zo karɓar nasa: dandamali ne kawai mai noti huɗu. Motar tasa ɗaya ce, ita ke kai yara makaranta. In hutu ya zo ya ɗaura ya tafi gandun dajin Etosha da iyali, in ya dawo ya kwance ya jingina a bangon gareji, ya mai da kujeru kafin safiyar Litinin.