Sayar da Tsohuwar GTO

Duk wanda ya lura da halin dattijon Ba'amurke a ranar da zai sayar da motarsa Pontiac GTO ƙirar 1969, wadda ya tsinto a rumbun wani manomi tsatsa ta cinye gindinta, ya shekara da shekaru yana kankara yana fenti, yana farautar kayanta na asali har injinta mai silinda takwas ya sake ruri, lalle zai fahimci cewa wannan ciniki ya fi kusa da aurar da 'ya. Masu saye kuwa, ko a gwanjon Barrett-Jackson na Arizona ko a ƙofar gareji, ba ruwansu da wahalarsa. Sai su duƙa da tocila suna duba ko lambar injin ta dace da ta jikin motar, domin ita ce hujjar nasaba, kuma a kanta farashi yake tashi ko ya faɗi. Ban ga laifinsu ba, duk da tausayin dattijon da nake ji.  Galibi dai, in aka yi hisabi na gaskiya, mai gyaran bai cika mayar da kuɗinsa ba.