Abin da Na Koya Wajen Zaɓen Antibirus a Ƙasar Ƙonni

Yawancin kwamfutocin da ke gidajenmu a Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela 'yan gwanjo ne. Wasu daga Yamai ake kawo su, wasu kuma daga kasuwannin Sakkwato da Kano suke tsallako iyaka. Kafin su iso hannun mai saye, mai shago ya riga ya zuba musu Windows da Office da duk abin da zai cika ido, har da antibirus mai babban suna. Mai saye yana ganin alamarta a gefen allo sai hankalinsa ya kwanta. Ni malamin makaranta ne, da kwamfuta nake buga jarrabawa da makin ɗalibai, kuma tun da aka ji ina ɗan taɓa gyara, maƙwabta da 'yan'uwa suke kawo mini nasu in sun rikice. A kan waɗannan na'urori na koyi abin da zan faɗa.

Abu na farko da na gane shi ne ta inda cutar take shigo mana. A ƙasashen da intanet ya wadata, ta wasiƙun imel da shafuka aka fi kamuwa. Mu nan kile ne, wato filash, babbar ƙofa. Gidaje kaɗan ne ke da na'urar buga takarda, saboda haka kowa da kilensa yake tafiya shagon hoto-kwafi: ɗalibi, malami, sakataren ƙungiyar manoma, mai neman aiki. Kwamfuta ɗaya a shago takan karɓi kile masu yawan gaske daga safe zuwa dare. In ɗaya ya zo da birus, duk wanda aka soka bayansa zai tafi da ita gida.

Wadda ta fi yawo a tsakaninmu ita ce mai ɓoye takardu. Wata malama da muke aiki tare ta same ni a ofis ido ya raina fata, ta ce, “Mushe, makin yara na shekara duka ya ɓace, mi za ni yi?” Na soka kilenta a kwamfutata, antibirus ta kama birus ɗin nan take ta cire. Takardun kuwa suna nan, ko ɗaya bai goge ba. Abin da wannan birus ke yi shi ne ta ɓoye ainihin fayilolin, ta ajiye wasu alamomi masu kama da su, masu ɗan kibiya a ƙasa. Kana danna alamar, ka tayar da ita da hannunka, ta shige cikin kwamfutar, ta zauna jiran kile na gaba. Ana dawo da fayilolin ta hanyar umartar Windows ya nuna ɓoyayyun abubuwa, ko da umarnin attrib wanda kowane mai gyara ya sani. Na sha ganin waɗanda suka goge kile gaba ɗaya don firgita, suka yi asarar aikin watanni alhali yana nan lafiya lau. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin asara ce da minti kaɗan za su hana.

Da na duba kwamfutar malamar ta gida, sai na tarar akwai antibirus a kai, mai suna kuwa. Amma rabon da ta sabunta kanta tun kafin a sayo na'urar. Nan ne darasin da ya fi kowanne girma a wurina. Antibirus tana aiki ne da jerin alamomin cututtukan da kamfaninta ya gano, da kuma lura da halin manhaja mai abin zargi, kuma kullum ana ƙirƙiro sababbin birus. Wadda ta yi shekara ba a sabunta ta ba, kamar mai gadi ne da ya san fuskokin ɓarayin bara kaɗai. Shi ya sa yanzu in an kawo mini kwamfuta, ba na tambayar sunan antibirus. Ranar sabuntawarta ta ƙarshe nake fara dubawa.

Me ya hana ta sabuntuwa? Sau da yawa lasisinta na sata ne. An fasa manhajar an sa mata lambar bogi, kamfanin ya gano ya toshe, ko kuma wanda ya fasa ta ya hana ta magana da kamfanin don kada a gano. Abin da ya fi muni, irin waɗannan fasassun manhajoji sukan buƙaci ka kashe kariyar Windows kafin ka girka su. Wani ɗan kawuna da ke harkar albasa a Galmi yana ajiye lissafin buhuna da basussukan abokan ciniki na Kwatano da Akara a kwamfutarsa. Yaron gidansa ya sauko da wata fasasshiyar manhaja, ya bi umarnin kashe kariya. Da gari ya waye duk fayilolin sun ƙi buɗuwa, an ƙara wa sunan kowanne wasu haruffa, ga wata 'yar takarda ana neman kuɗin fansa. Irin birus ɗin da ake kira STOP ko Djvu ce, wadda aka san ta da bin fasassun manhajoji, kuma masu ita sukan nemi dalar Amurka 980, ko rabin haka in an biya cikin sa'o'i 72. Cikakken kuɗin ya haura jika 500 na sefa. Ya kira ni yana cewa, “Yaya, ka cire ta mana.” Na cire ta, amma cire birus ba ya buɗe abin da ta riga ta kulle. Abin da ya cece shi shi ne littafin lissafi na takarda da bai daina rubutawa ba, da saƙonnin WhatsApp na abokan cinikinsa.

To wace za a zaɓa? Ga mai Windows 10 ko 11, amsata Microsoft Defender ce, wadda take zuwa a cikin Windows ɗin ba tare da ƙarin ko dala ba. Tun daga Windows 8 a 2012 aka mai da ita cikakkiyar antibirus. Mutanenmu suna raina ta saboda ba a saye ta ba kuma ba ta da hayaniya, wasu masu shago ma kashe ta suke yi su ɗora wata. Akwai cibiyoyi masu zaman kansu da aikinsu ke nan gwada waɗannan manhajoji, irin su AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus da AV-Comparatives da ke Innsbruck a Ostiriya, suna wallafa sakamakonsu kyauta, kuma a shekarun nan Defender tana fitowa cikin masu kyakkyawan maki. Ba ta ƙarewa bayan shekara, ba ta damunka da talla, ba ta neman katin banki na ƙasar waje, wanda yawancinmu ba mu da shi.

Kada kuma a tara biyu ko uku don neman ƙarin tsaro. Manyan antibirus biyu masu gadi lokaci ɗaya karo suke yi da juna, kwamfuta ta yi nauyi, musamman tsofaffin nan masu ƙaramin ƙarfi. Smadav, 'yar ƙasar Indunusiya da ake yawan gani a shagunanmu, masu ita da kansu sun ce mataimakiya ce, an yi ta ne ta zauna tare da babba tana lura da kile. Ta yi amfani a wannan matsayi, amma ita kaɗai ba ta isa ba.

Sauran na kyauta fa? Suna kama birus, ban musa ba. Sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa Avast biyan dalar Amurka miliyan 16.5, saboda wani reshensa mai suna Jumpshot ya yi shekaru yana sayar da bayanan shafukan da mutane ke ziyarta. An rufe reshen a 2020. Kuma Avast da AVG da Avira da Norton duk a ƙarƙashin kamfani ɗaya suke yanzu, Gen Digital, don haka wanda ya bar ɗaya ya koma ɗaya bai yi nisa ba. Kaspersky ta Rasha ta iya aiki, amma Amurka ta haramta sayar da ita a 2024 saboda dalilan tsaron ƙasarta. Wannan doka ba ta hau kanmu a Nijar ba, sai dai ya kamata mai saye ya sani. Wanda ke harkar kuɗi masu yawa ta kwamfuta, ko yake son ya taƙaita abin da yaransa ke buɗewa, yana iya sayen Bitdefender ko ESET ko makamancinsu. Sharaɗina ɗaya ne: lasisin ya zama na gaskiya, a kunna shi a gabanka, ka ga ranar ƙarewarsa da idonka, ka kuma san da me za ka sabunta shi baɗi.

Akwai maganar intanet da wutar lantarki, wadda masu rubutu daga waje ba sa lissafawa da ita. Mu da wayar hannu muke haɗa kwamfuta da intanet, kowane mega da kuɗinsa, shi ya sa mutane ke kashe sabuntawa. A watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, kwamfutoci da yawa sun yi watanni ba su ga intanet ba, aka ci gaba da soka musu kile. Ga mutanen Badagishiri da ƙauyukan Illela inda layi ke da rauni, akwai hanya: Microsoft tana ajiye sabuntawar Defender a shafinta a matsayin fayil ɗaya, sai a sauke shi a gari, a ɗauka a kile mai tsabta, a girka a ƙauye. Haka nake yi wa ƙanena duk lokacin da zan je wurinsu.

Inda na fi jin tsoro shi ne tsofaffin Windows. Microsoft ta daina toshe ramukan Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma lokacinta na yau da kullum ya ƙare a 14 ga Oktoban 2025. Antibirus ba ta ɗinke ramin da ke jikin Windows kanta. WannaCry da ta mamaye ƙasashe sama da 150 a watan Mayun 2017, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, ta bi ne ta wani rami da Microsoft ta riga ta fitar da maganinsa tun watan Maris, mutane ba su girka ba. Duk mai sayen 'yar gwanjo yanzu ya tambaya ko tana ɗaukar Windows 11. Wadda ba ta ɗauka, in buga takarda da shiga intanet ne aikinta, Linux Mint ko Ubuntu za su riƙe ta, kuma kyauta ne na halal.

Kuɗin da mutum ya ware don antibirus, ni shawarata ya raba shi biyu: ya sayi faifan ajiya na waje ko kile na musamman da ba ya zuwa shago, yana kwafe takardunsa duk mako ya cire ya adana, sauran kuma ya sa a kuɗin intanet na sabuntawa. Kilen zuwa shago ya zama daban, kada a ɗora masa komai sai abin da za a buga, in an dawo a bincike shi kafin a buɗe.

Kirana ga masu shagunan hoto-kwafi da masu gyara na Ƙonni da Malbaza da Tsernawa da Illela: kwamfutocinku ne mahaɗar kilen gari duka. Ku sabunta antibirus ɗinku ko da sau ɗaya ne a mako, ku daina kashe Defender a na'urorin da kuke sayarwa, in kuma an kawo muku kile da takardu sun ɓace, don Allah ku duba ɓoyayyun fayiloli kafin ku goge shi.