Zuciyar Mai Jego

'Yan uwa ɗalibai, idan aka ce mutum ya nuna zuciyarsa, gefen hagu yake dafawa. Amma a tsakiyar ƙirji take, bayan ƙashin ƙirji, tsakanin huhu biyu. Tsininta ne kawai ya karkata hagu. Girmanta kamar dunƙulen hannu, nauyinta kusan giram 300, ɗakunanta huɗu, tana bugawa wajen sau 100,000 kullum.

Tun da na fara digiri na biyu a ilimin sassan jiki, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zuciyar mace mai ciki. Jininta kan ƙaru da kusan rabi, zuciyar kuwa ita ce dai ɗayar nan. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na ABU Zariya suka lura da yawan gazawar zuciya bayan haihuwa, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin jego. Gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zuciya ta wahala.

A unguwarmu Bagadaza, mai jego ta kumbura ƙafa, numfashi ya gagare ta in ta kwanta, ga tari cikin dare, sai a ce ai jego ne. Wallahi ba kullum ba.

Ku da kuke da yayye da matan yayye, in kun ga haka, ku kai ta asibitin koyarwa na tarayya da ke Gombe a duba zuciyarta. Hajiya za ta yi faɗa, ku lallashe ta. Allah Ya raya mana su.